Kwalbar da Ta Ragu a Ɗakin Sanyi

A tsaye muka ƙulla cinikin, ni da shi, tsakanin wani firji mai ƙofa biyu da injin ƙanƙara da aka kwance wa ciki. Ina rungume da kulata kamar mai riƙon jinjiri, shi kuma ya jingina da ƙofar ɗakin sanyinsa yana juya makulli a ɗan yatsa.

"Ki ajiye kayanki har a gyara muku naku firjin," ya ce. "Ba na son komai. Abu ɗaya kawai: in na zo gidanku, a daina cewa kina barci."

"In na fito na zauna na yi shiru fa?"

"Shirun ma ina so, Likita. Na saba da firji, shi ma ba ya magana sai ƙugi."

Na ce na yarda, amma ni ma da nawa sharaɗin: kada a buɗe kular, kada a matsar da ita daga inda na ajiye, kada kuma a ɗora mata kwalin kifi a ka. Ya dafa ƙirji ya ce ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba, don ƙuda ma ba ya shiga ɗakin nan sai da rigar sanyi. Ban yi dariya ba. Na lura dai idonsa ba a fuskata yake ba, a kan kular yake.

Masu karatu, kada ku ce na sayar da kaina da arha, bari ku ji yadda aka yi. Mutumin nan sana'arsa sayar da firji da gyaransu, yana kuma da ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana inda masu kifi da nama ke ajiye kaya. Duk unguwa Mai Sanyi ake ce masa. Ya daɗe yana sintiri a ƙofar gidanmu, ni kuwa ina zillewa. Ba muni gare shi ba, yana da tsafta, farar riga kullum kamar ba mai taɓa baƙin mai ba. Bakinsa ne bai kwanta mini ba. Mutumin da zai goge tsohon firji, ya canza masa robar ƙofa, ya rantse maka cewa wata tsohuwa ce ta yi amfani da shi don ajiye ruwa kawai, in ya ce maka kana da kyau sai ka nemi madubi ka duba da kanka.

Ni kuma ba likita ba ce, shi ne ya liƙa mini sunan. Ɗaliba ce ni, ina bincike a ɗakin gwaji ƙarƙashin wata Farfesa mai gajeren haƙuri. Babban firjinmu ne ya mutu, takardar gyara ta kama yawo daga tebur zuwa tebur, Farfesa ta ce kowa ya nema wa kayansa mafaka kafin su lalace. Da na dawo gida ina ba Umma labari, ban ma kai ƙarshe ba ta tsayar da keken ɗinki ta ce, "To ba ga yaron nan Mai Sanyi ba?" Saurin da ta yi ya ɗan tsaya mini a rai, sai na ɗauka zumuɗin uwa ne mai son ta ga an ɗauke 'yarta.

Abin da ke cikin kular ba shi da wuyar ganewa in an bi a hankali. Maganin ciwon daji guba ne, gaskiyar magana ke nan. In an zuba shi a jini bai san mai laifi da marar laifi ba, duk inda ya bi sai ya ƙona: gashi ya zube, baki ya yi gyambo, mutum ya koma kamar tsumma. Mu abin da muke nema shi ne motar da za ta ɗauki gubar nan a rufe, ta kai ta har cikin ƙwayar ciwon, sannan ta buɗe ƙofa. Motar tamu wasu siraran zaruruwa ne da ake kira polima, kowane kansa na son ruwa, wutsiyarsa na gudun ruwa. Da an zuba su a ruwa sai su dunƙule su zama 'yan ƙwallaye, wutsiyoyi a ciki, kawuna a waje, maganin ya ɓuya a tsakiya. Ƙanƙantarsu ta wuce ido. Don mu san inda suka shiga, sai muka ɗaura wa kowane zare wani rini wanda da rana ba a ganinsa, amma in ka haska masa shuɗin haske a duhu sai ya kama kore shar kamar idon mage. A ƙarƙashin na'urar hangen ƙananan abubuwa, za ka ga ƙwayar ciwon ta cika da 'yan koren fitilu, ka san motar ta isa.

Kwalabe iri biyu gare ni. Masu ja-ja, su ne masu magani a ciki, don maganin kansa ja ne. Farare masu haske kamar ruwan lemon tsami kuwa mota ce babu fasinja, muna amfani da su don kwatance kawai. Kuma ku riƙe wannan: duk aikin nan a cikin faranti muke yinsa, a kan ƙwayoyin da muke kiwo. Ko ɓera ba mu kai ga yi wa allura ba, balle mutum.

Abin da ya sa na zaɓi wannan aikin, gidanmu kowa ya sani. Inna Babba, yayar Umma, ciwon nono ne ya tafi da ita. Umma ce ta yi jinyarta, ita ta riƙa share gashin da ke zuba a kan matashi, ita ta rage mata riguna da hannunta bayan an yi mata aiki. Tun daga lokacin ko ta ƙofar asibiti muka bi a mota sai Umma ta juya kai ta kalli ɗaya gefen titi.

To, ciniki ya faɗa, Mai Sanyi ya fara zuwa. Yakan zo da yamma, ya zauna a doguwar kujerar falo wadda Umma ta yi wa sabuwar riga mai furanni saboda shi, ita kuma tana can lungun taga a kan kekenta, wai ɗinki take, kunnenta kuwa yana tsakiyarmu. Ni in sa doguwar rigata mafi tsufa, in yafa mayafi, in kawo shayi in dire, in zauna a hannun kujera kamar mai jiran mota.

'Yan uwana mata, kun san tambayoyin saurayi. Wane launi kike so, me kike ci, wa ya kira ki yanzu. Wannan bawan Allah bai taɓa tambayata ko ɗaya ba. Shi tambayarsa ita ce: ƙwallayen nan, in sun taɓa fatar mutum suna ƙona shi? Ja da fari wanne ya fi ƙarfi? In mutum ya lasa fa? Da fari na ji daɗi, don ban taɓa samun namijin da ya saurari aikina bai yi hamma ba. Har na zage ina zana masa a bayan kwalin biskit. Amma daga baya na fara auna abin. Ko a waya haka yake. Da safe saƙo zai shigo:

"Barka da asuba Likitata. 'Ya'yanki sun kwana lafiya, sanyi daidai."

Kafin in gama murmushi wani ya biyo:

"Wai farin nan da kika ce babu komai a ciki, ko kaɗan ba ya cutarwa?"

Na rubuta masa: "Kai ni kake nema ko kwalba?"

Ya turo fuskar dariya ya ce kwalba ai ba ta iya shayi.

Umma kuwa ta zama lauyarsa. In na ce mutumin nan akwai abin da yake ɓoyewa, sai ta ce wanda ba ya ɓoye komai ai mahaukaci ne. In na ce tambayoyinsa sun yi yawa, ta ce da bai tambaya ba cewa zan yi bai damu ba. Har Abba, wanda ba ya shiga irin wannan magana, sai da ya sauke rediyo daga kunne wata rana ya ce ko dai Umman ce za ta aure shi. Ta ce masa ya ji da rediyonsa.

Akwai wasu abubuwa da na gani a lokacin ban haɗa su ba, hankalina duk yana kan Mai Sanyi. Umma ta daina sa rigunanta masu kama jiki, ta koma ɗinka wa kanta manya-manya, ta ce zafi ne. Ta daina kirana in ja mata zif. In za ta sauko da bandir ɗin yadi daga saman kabad, da hannun dama kaɗai take ja har ya faɗo mata a ka. Ɗakinta da ba a taɓa rufewa ba ya fara jin sakata bayan wanka. Na ga duk wannan da idona, na wuce.

Ranar da na je ɗiban samfur zan kai ɗakin gwaji, a nan zargina ya samu ƙafa. Mu a wurin aiki akwai abin da Farfesa ta horar da mu a kai har ya zama jiki: duk kwalbar da ka ɗiba, kafin ka mayar sai ka ja layi da alƙalami daidai inda ruwan ya tsaya. Na ɗaga jajayen, kowacce ruwa na kan layinsa. Na ɗaga babbar farar kwalba a saitin ƙwan fitila, sai na ga ruwan ya sauka ƙasa da layi da kusan faɗin ɗan yatsa. Murfin kuma an ɗaure shi da ƙarfin namiji, sai da na sa gefen mayafi na murɗe.

Na tsaya cikin sanyin nan, kifaye na kallona da fararen idanu, ina jero abin da zai iya yi da shi. Ko yana sayar wa masu tallan magani a bayan mota da lasifika, a ce ga ruwan da ke kashe daji daga jami'a. Ko wani ɗan kasuwa ne ya turo shi ya sato a kwaikwaya. Ko mai haɗa man shafawa. Ko wanne ne, in ya fita da sunan ɗakin gwajinmu, karatuna ya ƙare, Farfesa ba za ta tsaya jin bayani ba. In kuma wani ya sha ya mutu, ni ce zan amsa.

Na fito ina murmushi. Ya tambaye ni lafiyar 'ya'ya, na ce suna gaishe shi.

Washegari na aro 'yar tocilar ɗakin gwaji, mai shuɗin haske, wadda muke duba tebur da ita in wani abu ya zube. Na koma shagon lokacin da na san ya fita gyara, na ce wa masu sauke kifi zan duba kayana. Na ja ƙofa, na kashe fitila, na kunna tocila. Murfin kula ya kama kore, tabon yatsu manya-manya. Hannun ƙofa kore. A jikin ƙusa kuma ga safar hannunsa mai kauri da yake shiga sanyi da ita, babban yatsa da manuni suna ƙyalli kamar an tsoma su a fenti. Rinin nan haka yake, in ya kama zare ko roba ruwa kaɗai ba ya fitar da shi.

Da na so, a nan zan ɗauki kulata in tafi. Amma ni 'yar Umma ce, ba na son a ce na yi wa mutum ƙazafi. So nake in kama shi a gaban lauyarsa, ta gani da idonta, a rufe maganar aurensa har abada. Na tura masa saƙo:

"Ka zo da wuri yau, ina da abin nuna maka."

"Ko dai an fara sona ne?"

"Ka zo dai."

Ranar na yi kwalliya, ba zan ɓoye muku ba. Na sa atamfata ruwan goro wadda Umma ta yi wa aiki a wuya, na ɗaura ɗankwali ya zauna, har turare na fesa. Umma ta kalle ni sama da ƙasa ta ce Alhamdulillahi, yau an tashi da hankali. Ya iso rana ba ta yi sanyi ba, cikin farar riga mai guga kamar wuƙa, da ledar tuffa a hannu. Ya durƙusa ya gaishe da Umma, ta amsa tana taka keke, tef ɗin awo rataye a wuyanta kamar kullum.

Na ce zan nuna musu wasan yara. Na rufe ƙofa, na saki labule masu kauri na tagogin biyu, falo ya yi duhu. Keken Umma ya tsaya.

"Ke 'yar nan, wane irin shirme ne wannan? Ina tsakiyar aiki."

"Yanzu zan buɗe, Umma. Malam, miƙo hannayenka."

Na kunna. Rigarsa gaba ɗaya ta ɗauki haske fari-shuɗi, ya zama kamar fatalwa a kan kujera mai furanni. Ya zabura ya ce me na zuba masa. Na ce ya kwantar da hankali, wannan garin sabulun wanki ne, kowace farar riga haka take yi, ni kore nake nema. Na bi tafinsa, na bi bayan hannu, na bi ƙarƙashin farce. Babu komai, da safa yake aikinsa. Sai a bakin aljihun gaba na ga ɗan ɗigo, ƙarami kamar ƙwayar gero, kore shar.

"Wannan fa?"

Abin da ya ba ni mamaki, bai kalli aljihun ba, bai kalle ni ba. Ta saman kafaɗata ya kalla.

Umma ta miƙe tana cewa ita za ta buɗe labulen nan da kanta, ta gaji da sakarci. Na juyo don in ce ta dakata, tocilar ta juyo tare da ni.

Tef ɗin wuyanta ne ya fara kamawa, tabo-tabo tun daga sama har ƙasa. Sai almakashi a kan keke. Sai ƙafar keken da take juyawa da hannu. Yatsunta uku na dama kore har gaɓa ta biyu. A gaban babbar rigarta kuma, ɓangaren hagu, wani faffaɗan tabo kamar tafin hannu, yana haske ta cikin yadin, wani a kan wani, sabo a kan tsoho.

Ban san lokacin da na kashe tocilar ba. Muka zauna a duhu mu uku, ana jin rediyon Abba daga tsakar gida.

Umma ce ta fara magana, a hankali, kamar mai gaya wa kwastoma yadinsa bai isa ba. Ta ce ta daɗe da jin ƙullutu a wurin. Da farko kamar ƙwayar wake, yanzu ya fi haka. Ta ce ta ga abin da aka yi wa yayarta, ita ba za ta kwanta a yanka ta a zuba mata wuta a jini ba. Sai ga 'yarta ta cikinta tana zama a falon nan tana cewa ta haɗa abin da ke zuwa wurin ciwo kai tsaye ba ya taɓa sauran jiki. Ta san in ta tambaye ni zan ja ta asibiti. Shi ya sa da firjinmu ya mutu ta ga Allah ne ya kawo hanya. Ta kira Mai Sanyi ta sa shi ya rantse, suka yi nasu cinikin kafin ni in yi nawa: shi ya riƙa ɗibo mata kaɗan-kaɗan a kwalbar turare, ita kuma ta tsaya masa a kaina.

"Kuma ina jin sauƙi," ta ce. "In na shafa har wani sanyi yake yi."

"Daga firji ya fito, Umma. Dole ya yi sanyi."

Na buɗe labule ɗaya. Da haske ya shigo komai ya ɓace, rigarta ta koma riga, yatsunta suka koma yatsu. Na durƙusa a gabanta na gaya mata abin da ya kamata in faɗa da babbar murya tun farko, maimakon burgar da nake yi a falo: abin nan bai zama magani ba tukuna, ba a shafa shi, ba a taɓa gwada shi a jikin mai rai ba. Wanda take shafawa kuma ko maganin babu a ciki. Mota ce babu kowa.

Ta juya ta kalli Mai Sanyi. Ni ma na juya, don a nan ne tambayoyinsa suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Wanne ya fi ƙarfi. Farin ko kaɗan ba ya cutarwa.

"Ka sani," na ce. "Ba kuskure ka yi ba. Ka san babu komai a ciki."

Ya sunkuyar da kai yana murza hular da ya cire. Ya ce ya sani. Ya ce ja ta nema tun farko, shi kuma da ya ji na ce guba ne ya ƙi taɓa shi, ya gaya mata farin ne tataccen. Ya ce ya yi ta roƙonta ta je asibiti tana cewa sai kwalbar nan ta ƙare. Ya ga in ya ƙi kawowa za ta nemi masu lasifika, gara ya ba ta abin da ba zai cuce ta ba. Kuma ya rantse, ba zai iya karya rantsuwa ba.

"Rantsuwar da ka yi mini a kan kula fa?"

Ya ci gaba da murza hular.

"Kullum kana zaune a nan kana shan shayina, kana kallonta tana jan yadi da hannu ɗaya. Kalma ɗaya za ka tura mini a waya. Amma ka san ranar da ka faɗa, ranar lauyarka za ta ajiye aiki."

Bai musa ba. A ganina da ya musa da na fi jin sauƙi.

Umma ta yi wata 'yar dariya marar daɗi, ta zare tef daga wuya ta naɗe shi a hannu. Ta ce, "Ashe ni ma tsohon firji ka sayar mini da sabon fenti, ɗan nan." Ya ce Umma ki yafe mini. Ta ce ya ɗauki tuffarsa, ba ta da haƙorin cinta yau.

Abba ne ya gama maganar. Ashe ya daɗe a bakin ƙofa, rediyo a kashe a hannunsa. Bai yi faɗa ba, bai tambayi kowa komai ba. Cewa ya yi da Umma ta nemo mayafinta na fita ta ajiye kusa, gobe da safe shi zai riƙe mata jaka. Ta fara cewa ai ɗinkin mutane na hannunta, ya ce mutane su sa tsofaffin kayansu. Tunda nake ban taɓa ganin ya zauna a kan kujerar kekenta ba sai ranar. Ya zauna ya riƙe yatsun nan uku, bai san ma su ne masu koren ba.

Mun je. Likitar mace ce, mai sanyin hannu. Ta duba wurin, ta sa hannu a hammata ta daɗe tana lalube, fuskarta ba ta nuna komai ba, irin rashin nunawar da ni na san ma'anarsa. Ta tambayi tun yaushe. Umma ta faɗi rabin gaskiya, Abba ya cika sauran. Likitar ta ce da an zo tun yana ƙwayar wake da magana ta fi sauƙi, amma yanzu ma ba a makara da faɗa ba. An ɗebi ɗan nama an kai gwaji. A kan bencin jira nake rubuta muku wannan, Umma na gefena tana gyara wa wata mata da ba ta sani ba bakin mayafi da ya warware, da allurar da ke jakarta.

Kular na kwashe ta tun jiya. Na gaya wa Farfesa komai, ta cire tabarau ta kalle ni har na raina kaina. Ta ce farar kwalba ta tashi daga aiki tunda an buɗe ta a cikin kifi, jajayen ma ba za ta amince da su ba, in sake haɗa komai daga farko. Da na kai ƙofa ta kira ni ta rubuta mini sunan wata likitar a ɗan guntun takarda, ta ce in an samu sakamako a kai mata ta gani.

Mai Sanyi kuwa motarsa na waje ƙarƙashin bishiya tun safe. Ba wanda ya kira shi. Saƙonsa na kan wayata ban buɗe ba, farkonsa kawai nake gani: "Likita, ba na neman ki fito. In ana buƙatar jini, nawa…" Sauran ya ɓuya. Yatsana ya je kai ya dawo ya fi a ƙirga.

In an zauna rabon riba da asara, ga yadda na gani. Mai Sanyi ya samu zaman falo da shayi, ya kuma hana Umma shafa guba, wannan ba zan danne masa ba. Amma ya sayi zaman da shirun da ya fi ƙarfin a yafe shi da saƙon waya. Ni na kama ɓarawona kamar yadda na so, na rasa aikin da na daɗe ina tarawa, na kuma gane ina iya hango ƙwallon da ido ba ya gani a cikin faranti, ban ga uwata tana jan yadi da hannu ɗaya a gabana ba. Umma ta yi asarar abin da likita ta ce ya fi komai tsada a ciwon nan, wato lokaci.

Wanda ya ci riba tsantsa a cinikin nan guda ɗaya ne. Yana nan zaune a ƙarƙashin babbar riga, ɓangaren hagu. Duk kwanakin da muke ta zargin juna a falo, shi ba wanda ya dame shi, ana shafa masa ruwan sanyi safe da yamma yana girma.